BAYANI: Dogaro da wayar hannu da iya zama da mutane a tsakanin ɗaliban jami'a mazauna Rijiyar Zaki

Rijiyar Zaki mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Ungogo ta Jihar Kano, a kan Titin Gwarzo, hanyar da ta tashi daga Kabuga ta nufi sabon mazaunin Jami'ar Bayero. A da ƙauye ce da gonaki suka kewaye. Faɗaɗar birni da kusancin jami'a sun mayar da yawancin gonakin fuloti, fulotan kuma suka zama gidaje, wasunsu na haya. Da yake ɗakunan kwanan jami'ar ba sa ɗaukar dukan ɗalibanta, da yawa daga cikinsu kan kama ɗaki a Rijiyar Zaki da Ɗanbare da Rimin Gata da Ɗorayi.

Ɗalibin da ke zaune a irin waɗannan unguwanni yana cikin jama'a ne tsundum. Akwai mai gidan haya da iyalinsa, akwai limamin masallacin layi, da mai shago, da mai shayi, da dattawan da ke zama a ƙofar gida bayan La'asar. Duk waɗannan suna auna baƙo da ma'aunin da suka gada: ya yi sallama ko bai yi ba, ya tsaya an gaisa ko ya wuce, an gan shi wajen ta'aziyya ko ba a gan shi ba. Ƙorafin da aka saba ji a kan matasan yau shi ne, yaro zai wuce manya kansa a sunkuye cikin waya, kunnuwansa a toshe, ko kallo ba su ishe shi ba.

Wannan bayani ya duba abin da masana ke nufi da dogaro da waya, yadda ta zama ƙashin bayan rayuwar ɗalibi, abin da bincike ya tabbatar game da tasirinta a kan mu'amala, da matakan da aka gwada.

Mene ne dogaro da waya?

Masana halayyar ɗan Adam sun bambanta yawan amfani da waya da dogaro da ita. Ɗalibi na iya shafe sa'o'i yana karanta littafi a wayarsa ba tare da wata illa ba. Ana maganar dogaro ne idan mutum ya kasa ragewa alhali yana so, idan hankalinsa ya tashi da zarar caji ko data ta ƙare, idan kuma wayar ta fara cin lokacin barci da karatu da hulɗa da mutane amma ya ci gaba.

A 2008, wani binciken jin ra'ayi da kamfanin YouGov ya gudanar wa Hukumar Gidan Waya ta Birtaniya a kan mutum sama da 2,000 ya gano kashi 53 cikin ɗari na shiga damuwa idan wayarsu ta ɓata, ko cajinta ya mutu, ko suka rasa sabis. Daga nan kalmar nomofobiya ta samo asali, wato fargabar rabuwa da waya. A 2013, masu bincike a Koriya ta Kudu ƙarƙashin Min Kwon suka fitar da ma'aunin kamuwa da waya, wanda gajeren samfurinsa ke da tambayoyi 10. A 2015 kuma Caglar Yildirim da Ana-Paula Correia na Jami'ar Jihar Iowa a Amurka suka tsara tambayoyi 20 na auna nomofobiya, suka kasa ta gida huɗu: tsoron kasa tuntuɓar mutane, tsoron yankewa daga zumuncin intanet, tsoron rasa hanyar samun bayani, da tsoron rasa sauƙin da waya ke kawowa.

Duk da haka, ba a sanya kamuwa da waya cikin jerin cututtuka a hukumance ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a kundinta na cututtuka bugu na 11, wanda ya fara aiki a Janairun 2022, shi ne larurar kamuwa da wasannin bidiyo. Shi ya sa masana da dama suka fi son cewa “amfani mai illa” maimakon kiran abin jaraba kai tsaye.

Yadda waya ta shiga rayuwar ɗalibi

Jami'ar Bayero ta faro ne a 1960 a matsayin Kwalejin Ahmadu Bello, ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero a 1962, ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. Ɗaliban da suka ratsa ta a shekaru arba'in na farko sun dogara ne da allon sanarwa, da wasiƙa, da saƙon baki ta hannun direban motar garinsu.

Lamarin ya sauya a 2001. A watan Janairu Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a kan dala miliyan 285 kowanne, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Globacom ya shigo a 2003 da tsarin caji bisa daƙiƙa, abin da ya karya farashin kira. A tsakiyar shekarun 2000 aka yi yayin kiran dare kyauta, wanda ya koya wa matasa raba dare suna hira. Sai zamanin 2go da BlackBerry a farkon shekarun 2010, sannan wayoyin Android masu sauƙin kuɗi irin su Tecno da Infinix da itel suka cika kasuwar Farm Centre da Titin Beirut. Layukan da ke aiki a Najeriya sun haura miliyan 220 a ƙarshen 2023, kafin su ragu a 2024 sakamakon rufe waɗanda ba a haɗa da lambar NIN ba.

Wasu al'amura sun ƙara ɗaure matasa da waya. An rufe makarantu a Maris na 2020 saboda annobar korona, a daidai lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta shiga yajin aikin da ya kai watan Disamba. A 2022 ta sake tafiya wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Jimillar watanni kusan 17 ke nan ɗaliban jami'o'in tarayya suna zaune a gida, ba aji, ba abokan karatu sai ta waya. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya mayar da wayar jakar kuɗi, har mai shayi da ɗan adaidaita sahu suka koma karɓar taransifa ta OPay da Moniepoint. A 2024 kuma aka yi yayin haƙar kuɗin kirifto, lokacin da matasa a Arewa suka duƙufa wajen daddanna manhajoji irin su Hamster Kombat da fatan samun arziki.

Larura da ɗabi'a

Ba za a fahimci matsalar ba sai an yarda cewa wayar ta zama larura. Tun daga 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Rajistar kwasa-kwasai, biyan kuɗin makaranta, duba sakamako da neman lamunin karatu na NELFUND, wanda aka buɗe a 2024, duk ta intanet ake yin su. Sauyin lokacin lacca da takardun karatu ta zauren WhatsApp na aji suke zuwa. Ɗalibar da ke sayar da atamfa ko turaren wuta, shagonta yana cikin wayarta. Lokacin da aka katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumbar 2021, da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato, duk ɗalibin da iyayensa ke can ya rasa hanyar jin lafiyarsu da ta karɓar kuɗin abinci.

Sai dai ƙofar da larura ta buɗe, ta nan ɗabi'a ke shiga. Kamfanonin da suka mallaki Facebook da TikTok da Instagram daga talla suke samun kuɗi, tallar kuwa tana biya ne gwargwadon daɗewar mutum a kan manhaja. Don haka aka tsara su yadda barinsu zai yi wuya: shafi ba ya ƙarewa, bidiyo na bin bidiyo ba tare da an taɓa ba, sanarwa na shigowa a kowane lokaci. Tun a tsakiyar ƙarnin da ya wuce masanin nan B. F. Skinner ya nuna cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi kama hali fiye da wanda aka san lokacinsa. A kan wannan ƙa'ida caca take tafiya, kuma ita ce ke sa ɗalibi ya ɗauki waya don duba jadawalin jarrabawa, ya farga bayan sa'a guda yana kallon bidiyon barkwanci.

Ɗabi'ar tana da tsada. A Janairun 2025 NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ga kuɗin caji a shagon mai janareta ko sola idan babu wuta. Duka daga aljihu ɗaya suke fita da kuɗin abinci da na mota.

Iya zama da mutane a ma'aunin Bahaushe

Abin da masana ke kira ƙwarewar mu'amala ya ƙunshi iya buɗe zance da rufe shi, sauraro, fahimtar yanayin fuska da murya, bayyana ra'ayi ba tare da cin fuska ba, da sasanta saɓani. Bahaushe ya tattara su a jimla ɗaya: wane ya iya zama da mutane. A laccarsa mai suna Mutumin Kirki, wadda aka buga a 1974, Anthony Kirk-Greene ya lissafa siffofin da Hausawa ke auna mutum da su, ciki har da gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Kusan dukansu sai a gaban mutane suke bayyana.

Gaisuwa ita ce makarantar farko. Tana da tsari da tsawo: a tambayi kwana, da gajiya, da iyali, da aiki, kowace tambaya da amsarta. Yadda ake gaida sa'a daban, yadda ake rusuna wa babba daban. A cikinta yaro ke koyon jiran lokacinsa na magana, da rage murya, da gane wanda ke cikin damuwa ko bai faɗa ba, domin labarin zuciya a tambayi fuska. Bayan gaisuwa akwai zaure da majalisa, inda ake koyon musu da raha da sanin iyakar wasa. Akwai dubiya, da suna, da ɗaurin aure, da zaman makoki, inda ake koyon abin da ya dace a faɗa da lokacin da shiru ya fi.

A nan akwai abin lura ga masu amfani da ma'aunan da aka tsara a ƙasashen Yamma. A can, kallon mutum cikin ido alama ce ta amincewa da kai. A ƙasar Hausa, sunkuyar da kai a gaban babba ladabi ne, ƙura masa ido kuma rashin kunya. Ɗalibin da ya sunkuya don girmamawa yana sauraro da dukan hankalinsa. Wanda ya sunkuya a kan waya jikinsa ne kawai a wurin. Daga nesa kamarsu ɗaya, amma dattijon da ke magana ya san bambancin.

Abin da bincike ya nuna

Gwaje-gwaje da dama sun duba abin da waya ke yi wa hira. A 2012, Andrew Przybylski da Netta Weinstein na Jami'ar Essex a Ingila suka haɗa mutanen da ba su san juna ba bibbiyu, su yi hira ta minti 10. Waɗanda aka ajiye waya kusa da su sun ba da rahoton ƙarancin kusanci da yarda, musamman idan zancen mai nauyi ne. Wani gwaji da aka maimaita a 2021 bai samu irin wannan sakamako ba, don haka ana taka-tsantsan da shi. A 2018, Ryan Dwyer da abokan aikinsa na Jami'ar British Columbia a Kanada suka gwada mutum sama da 300 da suka fita cin abinci da 'yan uwa ko abokai. Waɗanda aka bari da wayoyinsu a kan tebur hankalinsu ya fi rabuwa, kuma ba su ji daɗin zaman kamar waɗanda suka ajiye nasu ba.

Akwai kuma gwajin ragewa. A 2014, Yalda Uhls da tawagarta a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles suka bi yara 51 da suka yi kwana biyar a sansani ba waya ba talabijin. Da suka dawo, sun fi takwarorinsu ci gaba wajen gane yanayin mutum daga fuskarsa. A 2018, Melissa Hunt ta Jami'ar Pennsylvania ta jagoranci gwaji a kan ɗalibai 143, inda aka taƙaita wa wasunsu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti 10 kowanne a rana har mako uku. Kaɗaici da alamun baƙin ciki sun ragu a tsakaninsu.

Ta ɗaya ɓangaren, Amy Orben da Przybylski sun nazarci bayanan matasa sama da 350,000 a 2019, suka gano amfani da na'urori bai bayyana fiye da kashi 0.4 cikin ɗari na bambancin walwalarsu ba. Ma'ana, adadin sa'o'i kaɗai ba ya faɗin komai sosai. Sannan akwai tambayar wanne ya haifi wanne. Scott Caplan na Jami'ar Delaware ya nuna tun 2003 cewa masu fama da kaɗaici da jin nauyin mutane sun fi karkata ga hirar intanet, domin a can suna da damar gogewa da sake rubutawa kafin su aika. Karkatar tana rage musu zama da mutane, rashin zaman yana ƙara musu jin nauyi, sai abin ya zama zagaye.

Inda yawancin masana suka haɗu shi ne, illar tana zuwa ne daga abin da wayar ta ture. Iya mu'amala sai da maimaici, kamar tuƙi ko ɗinki. Minti goman jiran malami a ƙofar aji, zaman adaidaita daga Kabuga zuwa ƙofar jami'a, jiran shayi a kan benci, a irin waɗannan guraben ne ɗan Kano ke sanin ɗan Taraba ko ɗan Kogi. Idan kowa ya cike gurbin da waya, za a gama shekara huɗu a aji ɗaya ba a san juna ba.

Wayar tana da nata alherin a wannan fage. Tana riƙe zumuncin ɗalibi da gida. Tana ba mai kunya damar yin tambayar da ba zai iya yi a gaban aji mai ɗaruruwan mutane ba. Ta cikinta ake sanar da rasuwa da haihuwa, ake tara gudummawa ga abokin da kuɗin rajista ya gagara.

Inda abin ke fitowa fili

Giɓin mu'amala ba ya nuna kansa a takardar jarrabawa. Yana bayyana ne ranar da ɗalibi zai tsaya gaban malamai ya kare kundin bincikensa, ko ya shiga aji a lokacin koyon aikin koyarwa, ko ya je ma'aikata a ƙarƙashin shirin SIWES. Ɗalibin likitanci a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano dole ya iya jawo bayani daga bakin tsohuwar da ke jin nauyin faɗin ciwonta. Ɗalibin aikin jarida dole ya iya zama da mai unguwa har ya saki jiki. Bayan kammalawa akwai hidimar ƙasa a jihar da ba a san kowa ba, da ganawar neman aiki, da zuwa gaban iyayen yarinya.

A unguwa ma akwai farashi. Ɗalibin haya baƙo ne, kariyarsa kuwa sanayya ce. Ranar da ya kwanta ciwo, ko ya samu saɓani da mai gida, ko aka yi sata a layi aka fara neman wanda ba a sani ba, mutanen da ya saba gaisarwa ne za su tsaya masa. Ga kuma ƙwacen waya, wanda ya addabi unguwannin Kano a 'yan shekarun nan har da asarar rayuka. Mai tafiya da dare fuskarsa a hasken waya, kunnensa a toshe, ya nuna abin da ke hannunsa kuma ba zai ji takun wanda ke bayansa ba.

Alamomin da ake dubawa

Ma'aunan da aka ambata suna tambaya ne a kan abubuwa irin waɗannan:

- Ɗaukar waya da zarar an farka, da kwana da ita a hannu har barci ya ragu.
- Duba ta a tsakiyar lacca, ko huɗuba, ko yayin da wani ke magana.
- Ƙunci ko faɗuwar gaba idan caji ko data ta ƙare.
- Fifita tura saƙo a kan fuskantar mutum, ko da yana ɗaki na kusa.
- Yunƙurin ragewa ba sau ɗaya ba, ana kasawa.
- Ƙorafi daga iyaye ko abokai cewa ba a samun hankalin mutum.

Alama ɗaya ba ta isa hukunci ba. Idan suka taru, kuma suka zo tare da rashin barci, faɗuwar sakamako ko ƙauracewa mutane, ya dace a ga mai ba da shawara a makaranta ko likitan ƙwaƙwalwa, domin wani lokaci wayar mafaka ce kawai ga damuwar da ta riga ta.

Matakan da aka gwada

Wasu ƙasashe sun bi hanyar doka. Faransa ta hana waya a makarantun firamare da ƙananan sakandare a 2018. A 2023 hukumar UNESCO ta yi kira da a taƙaita ta a aji sai inda take taimaka wa koyo. A Nuwambar 2024 majalisar Ostareliya ta zartar da dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafukan sada zumunta. Duk waɗannan yara suka shafa. Ɗalibin jami'a baligi ne, karatunsa ma a wayar yake, don haka hani ba zai yi aiki a kansa ba.

Abin da ya rage shi ne tsari. Tun 2018 wayoyin Android da iPhone ke ɗauke da ma'aunin da ke nuna sa'o'in da aka ɓata a kan kowace manhaja, kuma ana iya sanya mata iyaka. Kashe sanarwar da ba ta zama dole ba yana rage yawan ɗauka. Ajiye wayar nesa da shimfiɗa yana kare barci. Abokan ɗaki na iya yin yarjejeniyar ajiye wayoyi a lokacin cin abinci. Malamai na iya ƙara yawan gabatarwa da baki da muhawara da aikin rukuni, ƙungiyoyin ɗalibai kuma su riƙe ziyarar asibiti da ta gidajen marayu da gasar wasanni.

Ga mazaunin Rijiyar Zaki, matakin farko bai wuce tsakanin ƙofar gidan haya da bakin titi ba: a cire abin kunne, a mayar da waya aljihu, a tsaya a gaida waɗanda aka tarar. Idan aka ji rasuwa a layi, a taka a yi ta'aziyya ko an riga an tura saƙo. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma har yanzu da wannan ma'aunin unguwa ke tantance wanda ya zama nata da wanda ya yi haya kawai ya tashi.